Tsofaffin Bindigogin Ƙasar Jega da Jandutsi: Yadda Aka Sauya Su, da Yadda Ake Gane Gaskiyarsu

Manufar wannan maƙala ita ce waiwaye a kan wani kayan gado wanda mutanenmu suka daɗe suna ajiyewa ba tare da sun rubuta labarinsa ba. Duk wanda ya san tsofaffin gidajen maharba da maƙera da na sarauta a Jega da Jandutsi da Aliero da Maiyama, da sauran garuruwan ƙasar Gwandu, ya san ba a rasa gidan da aka rataye wata tsohuwar bindiga a zaure ko aka jingine ta a lungun ɗaki, tsatsa ta ci bakinta, fata ta naɗe ƙotarta, yara kuma suna jin ana cewa ta kaka ce. Tun da dillalan kayan tarihi suka fahimci cewa akwai masu tara irin waɗannan makamai a birane da ƙasashen Turai, waɗanda suke biyan kuɗi gwargwadon tsufan abu da girman labarinsa, sai labaran suka soma kumbura, ƙarfen kansa kuma aka soma taɓa shi domin ya dace da labarin. Abin da nake son mai karatu ya riƙe shi ne, da wuya a sami bindigar da ta iso ƙasarmu a halittarta ta farko, domin galibinsu hannu uku suka sauya su bisa larura da gaskiya, sa'an nan hannu na huɗu ya zo ya sauya su bisa algus. Wanda ya iya rarrabe waɗannan hannaye kuwa, shi ne ya san darajar abin da ke rataye a gidansa.

Ya kamata mu fara da da'awar da ta fi kowace yawa a bakin dillalai, wato cewa bindiga kaza da ita aka yi jihadi. Ƙasar Jega tana da haƙƙin alfahari da wannan zamani, domin a Gimbana ne Malam Abdussalami ya zauna da jama'arsa, kuma harin da rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta kai wa garin, da kwance ɗaurarrun da aka biyo da su ta Degel, suna cikin sabubban hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo zuwa Gudu a 1804. Amma wanda ya karanta tarihin waɗannan yaƙoƙi zai ga cewa kwari da baka, da takobi da mashi, su ne makaman jama'a. A Tabkin Kwatto, cikin wannan shekara, dawakin jama'ar Shehu ba su wuce kamar ashirin ba, kuma 'yan baka ne suka karya barade masu lifidi. Bindiga a lokacin kayan fada ce: an ruwaito cewa Yunfa ya ɗana wa Shehu wata a Alƙalawa ta juyo ta ƙone shi, kamar yadda tarihin Kano ya ambaci Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, a matsayin farkon wanda ya ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Har a 1826, lokacin da Baturen Ingila Kilafaton ya halarci yaƙin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kai wa Gobirawa a Konya, bindigogin da ya ƙidaya cikin runduna mai dubban mayaƙa ba su kai hamsin ba. Idan haka abin yake a rundunar Amirul Muminina kansa, to wanda ya kawo bindiga kasuwa ya ce ta Gimbana ce ko ta yaƙin Alwasa, wajibi ne ya zo da hujja mai ƙarfi, domin asali yana adawa da shi.

Yawaitar bindiga a wannan yanki ta biyo bayan bunƙasar Jega ne da tsawaitar yaƙi tsakanin Gwandu da Kabi. Buhari ɗan Abdussalami ne ya kafa Jega a bakin Gulbin Zamfara bayan rasuwar mahaifinsa, kuma ba a daɗe ba kasuwarta ta zama mahaɗar fatake, inda ayarin goro mai zuwa Gwanja yake yada zango, kayan Nufe da Ilori suke haurowa, kayan arewa kuma suke gangarowa ta Sakkwato da Kano. Ta hanyoyi biyu makamin wuta ya riƙa shigowa: kaɗan daga Tarabulus ta hamada, mafi yawa kuma daga bakin teku ta hannun Nufawa, waɗanda sarkinsu Masaba ya yi ciniki mai yawa da Turawan da ke hawa Kwara. Da Yakubu Nabame ya ɗaga tutar Kabawa a 1849, aka shiga zamanin da garuruwan da ke tsakanin Gwandu da Argungu ba su kwana da ido biyu a rufe ba, in ban da ɗan sararin sulhun da ake kira Lafiyar Toga wajen 1867. Da Sarkin Kabi Sama'ila ya hau a 1883 kuwa, wutar ta sake ruruwa har zuwan Nasara. A wannan rabin ƙarni ne ya fi dacewa a nemi asalin mafi tsufan bindigogin gidajenmu.

Hannu na farko da ya sauya waɗannan makamai shi ne na gwamnatocin Turai da kansu, waɗanda ci gaban ƙira ya riƙa tsere musu kowace shekara goma, alhali ba su son zubar da dubban bindigogin da ke rumbunansu. Wajen 1840 sojojin Ingila suka bar bindiga mai tashi da ƙanƙara suka koma mai tashi da ɗan ƙoƙon tagulla da ake kifawa a kan hancinta, kuma an juyar da tsofaffi masu yawa zuwa sabon tsari. Bindigar Enfield ta 1853, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, an yanke gindinta daga 1866 aka sa mata ƙofa mai buɗewa ta gefe domin ta ci harsashi ta baya, aka kira ta Snider. Martini-Henry ta 1871, an sauya wa da yawa daga cikinta bututu daga 1895 domin ta ɗauki ƙaramin harsashi, ta koma Martini-Enfield. Haka Faransa ta yi da Chassepot ta 1866, wadda aka gyara ta koma tsarin Gras na 1874, aka buga shekarun biyu a jikinta domin kowa ya sani. Wannan sauyi ba a ɓoye shi ba, an ma hatimce shi, saboda haka ganin shekara biyu a jikin bindiga ɗaya ba aibi ba ne matuƙar sun dace da wannan jeri.

Hannu na biyu na 'yan kasuwar Bamingam ne a Ingila da na Liyej a Beljiyam, waɗanda suke sayen makaman da sojoji suka yi wa ritaya da arha, su wargaza su, su harhaɗa bututun wannan da kunamar waccan, su aiko da su bakin tekun Afirka. Wannan sana'a ta ƙara ƙarfi bayan yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a Burasels a 1890, wadda ta hana sayar wa mutanen mafi yawan Afirka bindigogin zamani, ta bar musu masu ƙanƙara waɗanda cikin bututunsu sumul ne, tare da albarushi na gama-gari. Hujjar da aka bayar ita ce hana cinikin bayi, amma sakamakon da ya bayyana shi ne, sarakunanmu suka fuskanci mamaya da makamin da Turai ta yi watsi da shi shekara hamsin da suka wuce. Daga nan ne ake samun bindigar da farantin kunamarta yake ɗauke da kambin sarautar Ingila na gaske, alhali bututunta na kasuwa ne, ƙotarta kuma ta itace mai araha wanda aka shafa wa jan fenti. Irin wannan ba ta taɓa shiga hannun sojan Ingila a wannan siffa ba, amma tana iya zama ta shiga hannun ɗan bindigar Sarkin Gwandu, kuma wannan shi ne sharafinta a wurinmu.

Bindigogin soja na sosai, masu cin harsashi ta baya, sun iso ne tare da ƙarshen ƙarni da hargitsinsa. Dakarun Kamfanin Neja sun ci Bida da Ilori a 1897 da Snider da bindiga mai ruwa ta Maxim. Sojojin Faransa da suka ratsa ƙasar Zabarma da Arewa da Konni a 1899 sun saba da Gras. Mayaƙan Rabeh, wanda aka kashe a Kusuri a 1900, sun warwatsu da makamansu. Sa'an nan aka ci Kano a Fabrairun 1903, aka yi karon Giginya a Sakkwato ranar 15 ga Maris, aka ƙare a Burmi cikin Yulin wannan shekara. A Satiru kuwa, a Fabrairun 1906, talakawa masu gatura da fartanya suka karya rundunar soja har suka ƙwace Maxim, kafin a dawo a shafe garin a watan Maris, a kuma tuɓe Sarkin Gwandu Muhammadu Bashar bisa zargin goyon baya. Waɗannan sunaye, Giginya da Burmi da Satiru, su ne dillali yake so ya liƙa wa hajarsa, domin su ne suke motsa zuciyar mai saye. Amma gwamnatin mulkin mallaka ta tsananta wajen karɓe bindigogin zamani daga hannun jama'a, ta bar wa maharbi da manomi ta toka kawai bisa lasin, don haka abin da ya tsira daga waɗannan ranaku kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada da abin da ake da'awa.

Hannu na uku shi ne na maƙeranmu, kuma shi ne ya fi cancantar girmamawa daga gare mu. Bindigar soja da ta rasa harsashinta ba ta da amfani ga maharbin da ke fakon gada ko manomin da birai suka dama a gona, sai a kai ta maƙera, a toshe gindinta a mayar da ita mai ɗuri ta baki, a goge zanen nan mai murɗewa da ke cikin bututu, a rage tsawonta, a gagare mariƙin banati da saitin nesa tun da ba a bukatarsu. Ƙota idan gara ta ci ta, masassaƙi ya sassaƙa wata daga itacen da ke kusa. Tsagewa a ɗaure ta da ɗanyar fata ko zoben tagulla. Maharbi kuma ya ɗaura layunsa da wuri. Wannan ilimi ba ƙarami ba ne, domin da irinsa ne maƙeran Samori a yammacin Afirka suka kwaikwayi Gras da hannu, kuma da irinsa ne Sarkin Damagaram Tanimu ya sa aka zuba igwa a birninsa. Bindigar da ta bi ta wannan hanya kamar rigar gado ce wadda kowane magaji ya sa mata maho. Mai tara kayan soja zai ce ta lalace, amma mai neman tarihin ƙasar Gwandu a wurin mahon zai karanta yadda kakanninmu suka rayu.

Hannu na huɗu kuwa shi ne na mai tadlisi, wanda ba ya gyara don a yi amfani, sai don a ruɗi mai saye. Wani yakan ɗauki harba-ka-ruga da aka ƙera jiya, ya jiƙa ta da ruwan gishiri ya binne ta har ta yi tsatsa, ya ce ta shekara ɗari biyu. Wani yakan buga kambi da haruffan Turawa a jikin ƙarfen da bai taɓa ganin Turai ba. Wani yakan mayar da mai ƙoƙon tagulla zuwa mai ƙanƙara domin ta ƙara tsufa a ido, ko ya tara gaɓoɓin bindigogi uku ya fitar da guda wadda yake rantsuwa cewa haka ta fito daga ma'aikata. Wannan cuta ta game duniya: maƙeran mashigar Khaibar, tsakanin Pakistan da Afganistan, sun shahara da kwaikwayon Martini-Henry har da hatimanta, kuma lokacin da aka kwashe dubban tsofaffin bindigogi daga wani rumbun fada a Katmandu ta ƙasar Nefal a 2003 aka kai kasuwannin Amurka da Ingila, masu saye sun sha wahalar rarrabe ƙirar Ingila da ƙirar gida da kuma wadda aka harhaɗa daga baya.

Malamanmu na hadisi sun bar mana mizani wanda ya dace da wannan bincike, wato duba matani da duba isnadi. Matanin bindiga shi ne ƙarfenta da itacenta, kuma farkon abin dubawa shi ne ko shekarar da aka buga ta yarda da ƙirar. Sarauniya Biktoriya ta hau a 1837 ta rasu a Janairun 1901, saboda haka kambi mai haruffan V.R. tare da shekarar da ta fita daga wannan tsakani shaidar zur ce. Haka Martini-Henry mai shekara kafin 1871, ko Gras kafin 1874, in ba Chassepot da aka gyara ba ce. Gidan gwajin bindigogi na Bamingam an kafa shi a 1813, alamarsa sanduna biyu ne a gicciye ƙarƙashin kambi; na Liyej kuwa haruffan ELG ne cikin da'ira mai siffar ƙwai, kuma ba a ɗora wa da'irar kambi ba sai daga 1893, don haka bututu mai wannan kambi bai ga zamanin Nabame ba, balle na Shehu. Hatimin ma'aikata yakan fito daidai, zurfinsa ɗaya, haruffansa a jere. Na jabu kuwa an buga shi harafi bayan harafi, wani ya karkace, wani ya nutse, wani ma a juye yake. Faransawa sukan buga lamba guda a bututu da makulli da ƙota, kuma idan lambobin suka saɓa, an san gaɓoɓin ba 'yan uwa ɗaya ba ne.

Bayan hatimi sai a dubi abin da zamani kaɗai yake iya yi. Tsatsar shekaru baƙa ce mai duhu, ta zauna cikin ƙarfe, ta fi yawa a wurin da wutar albarushi take lasa da wurin da gumin hannu yake taɓawa, ƙasan bututu kuma da itace ya rufe yakan fi sauran lafiya. Tsatsar da aka tilasta ja ce, ta rufe ko'ina daidai, tana bin yatsa idan an shafa. Itacen da ya tsufa tare da ƙarfensa yakan yi baƙi a inda suka haɗu, ya kuma lashe a inda kafaɗa da tafin hannu suke zama. Farantin kunamar da aka juyar daga ƙanƙara yakan nuna ramukan kusoshi da aka cike, wanda aka sake mayarwa kuwa yakan nuna tabon haɗi da bambancin launi. Akwai kuma shaidu biyu da ba su karɓar tawili: ɗigon walda ta lantarki, da bututun da aka yanko daga sandar sitiyarin mota ko famfon ruwa, domin abin da aka yi da gaɓar mota ba zai riga mota zuwa ƙasar Hausa ba.

Isnadi kuwa shi ne silsilar hannayen da bindiga ta bi: wa ya mallake ta, daga wa ya gada, wace sarauta ko sana'a gidan yake riƙe da ita, su wa suka san haka a gari. Bindigar da dattawan unguwa suka buɗe ido suka gani a zauren Sarkin Maƙera ko na shugaban maharba, kuma zuriyar gidan suna iya ƙirga magadanta har kaka na uku ko na huɗu, ta fi ƙarfin hujja a kan wadda ta fito daga buhun baƙo da labari mai daɗi. Duk da haka, kyawun isnadi ba ya gyara matanin da ya saɓa wa hankali, domin iyali na gaskiya suna iya ruɗewa su jingina wa kakan jihadi abin da jikansa ya saya a kantin Turawa. A nan sai a karɓi shaidar ƙarfe a kan shekaru, a karɓi shaidar iyali a kan mallaka.

Hukuncin shari'a a wannan babi a fili yake ga duk wanda ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid ko Muhtasar na Halil, littattafan da ake karantawa a zaurukan Gwandu tun zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Ɓoye aibi da algus haramun ne, mai saye kuma yana da zaɓin mayar da haja idan aibin ya bayyana, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kakkausan gargaɗi ga mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙarƙashin busasshe. Kasancewar mai saye baƙo ne ko ba Musulmi ba, ba ya halatta ƙarya. Dillalin da ya ce wannan bututun Liyej ne, kunamar ta Ingila, ƙotar ƙirar gida, la'adarsa halal ce. Wanda ya ƙirƙira mata yaƙin da ba ta je ba, ya ci haram, ya kuma ƙara da laifin gurɓata tarihin al'umma, wanda ɓarnarsa ta fi ta kuɗin daɗewa.

Ya rage a tuna da doka da kuma tsaron rai. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta wajabta lasin har a kan bindigar toka, kuma dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana fitar da kayan tarihi waje ba tare da izininta ba. A wannan zamani na rashin tsaro kuwa, yawo da makami ko da matacce ne yana iya jawo wa mutum fitina. Tsohuwar bindiga mai ɗuri ta baki tana iya kwana shekaru da albarushi a cikinta, saboda haka kada a kusantar da ita ga wuta, kada a bar wa yara, kada kuma a gwada harba ta, domin ƙarfen da aka rage wa kauri kuma tsatsa ta ci yana fashewa a fuskar mai shi.

Kirana ga magadan waɗannan gidaje a Jandutsi da Jega da Aliero da Maiyama shi ne kada su kankare tsatsa, kada su cire fata da layu, kada su sake ƙota domin abin ya yi kyau a ido. Su zauna da dattawan da suka rage, su rubuta sunan mai bindigar na farko da magadansa da abin da aka yi da ita, da ajami ko da boko, su kwafe duk alamar da ke jikinta, su sanar da hakimi da hukuma. Wanda ya ga ba zai iya riƙo ba, gidan tarihi na Kanta a Argungu, wanda aka buɗe a 1958, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato sun fi buhun dillali cancantar karɓar amanar. Ɗaliban tarihi na jami'o'inmu da ke Birnin Kebbi da Sakkwato kuma, su shiga garuruwan nan su tattara wannan ilimi tun masu shi suna raye. Allah Ya sa mu zama masu riƙon amanar magabata da faɗin gaskiya a cikin ciniki, amin.